Jakar magani da bindiga: jagora ga mai shiga kwas ɗin jinya na soja

Daga ranar da ka rataya jakar magani, sunanka na yanka ya ɓace a bataliya. Daga kurtu har samanja, kowa "Likita" zai riƙa kiranka. Sunan na da daɗi, amma kada ya kumbura maka kai. Kai ba likita ba ne. Soja ne kai wanda aka koya wa yadda zai riƙe ran ɗan'uwansa na 'yan mintoci ko 'yan sa'o'i, kafin a kai shi hannun likitan gaske. Zuciyar abin da za a koya maka a kwas, a kan wannan 'yar tazarar take: daga inda mutum ya faɗi zuwa ƙofar asibiti.

Na yi kwas ɗin, na kuma daɗe ina kallon ƙannenmu suna shigarsa. Wasu sun fito da hannu mai kyau, wasu sun fito da takarda kawai. Zan bi da kai hanyar tun daga farko, ƙanena. Ke ma ƙanwata da ke karantawa, maganar har da ke, don mata na wannan aiki, kuma da yawansu sun fi mu nutsuwa a gaban jini.

Sai ka zama soja tukuna

Babu wanda ke shiga sashen lafiya ta taga. Hanyar ƙananan sojoji ita ce ta kowa: ka cika fom a shafin ɗaukar sabbin sojoji idan an buɗe, a tantance ka a jiharka, sannan ka tafi horon kurata na kimanin wata shida, irin wanda Depot ta Zariya ke bayarwa tun 1924. Fom ɗin kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai sa sunanka, ɗan damfara ne, ko da kaki a jikinsa. A sanarwar shekarun nan, wanda ba shi da sana'a ana neman ɗan shekara 18 zuwa 22, mai takardar sana'a kuma har zuwa 26. Idan kana da takardar makarantar koyon aikin lafiya, ka shiga da ita a layin masu sana'a, kada ka bar ta a akwati. Likitoci da masu digirin jinya hanyarsu daban ce, ta hafsoshi.

Bayan ka gama kurtu ne ake rarraba mutane sashe-sashe. Wanda aka tura sashen lafiya, akwai makarantar koyon aikin lafiya ta sojan ƙasa a barikin Ojo da ke Legas, kuma kwasa-kwasan aji-aji ne: ka yi na farko, ka je ka yi aiki, ka dawo ka ƙara. Ban da wannan, runduna kan shirya gajerun kwasa-kwasan ceton rai a fagen daga ga waɗanda za su tafi daji.

Abu biyu ka shirya tun kana gida. Na farko jiki. Nauyin da sauran sojoji ke ɗauka kai ma za ka ɗauka, bindiga da harsasai da ruwa, sannan a ɗora maka jakar magani, sannan wata rana a ɗora maka mutum. Gudu kaɗai ba ya isa. Ka saba da ɗaukar buhu a kafaɗa, ka saba da jan abu mai nauyi kana durƙushe. Na biyu Turanci. Da shi ake koyarwa, da shi ake jarrabawa, kuma sunayen sassan jiki da na magunguna ba sa yi wa kowa sauƙi. Ka nemi tsohon littafin bayoloji na sakandare ka sake karanta babin jini da na numfashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Makonnin farko: aji da barci

Mutane na tsammanin kwas ɗin jinya hutu ne bayan wahalar Depot. A'a. Begila na nan, gudun asuba na nan, fareti da duba ɗaki da gadi na nan, tsallen kwaɗo ma bai je ko'ina ba. Abin da ya ƙaru shi ne aji. Kuma babban abokin gabarka a aji barci ne: mutum ya tashi tun kafin kiran sallah, ya yi gudu, ya ci abinci mai nauyi, sannan a zaunar da shi ana zana masa zuciya a allo. Idan ka ji idonka na rufewa, tashi ka koma bayan aji ka tsaya. Malamai ba sa hana wannan. Wanda aka kama yana gyangyaɗi a zaune ne ke shan gwale-gwale.

A nan za ka haddace lambobin da za su zauna da kai har ka yi ritaya. Babban mutum na da jini kimanin lita biyar. Bugun jininsa in yana hutawa 60 zuwa 100 ne a minti. Numfashinsa 12 zuwa 20. Kada ka tsaya ga haddar baki. Ka riƙa kama wuyan hannun abokan ɗakinka kana ƙirgawa, da safe, bayan gudu, bayan cin abinci, har yatsunka su san bambancin bugu mai ƙarfi da mai rauni ba tare da ka duba agogo ba. Ka samu ƙaramin littafi da ke shiga aljihu, duk kalmar Turancin da ta gagare ka, ka rubuta ma'anarta da Hausa a gefe. Ka nemi aboki ɗaya da za ku riƙa yi wa juna tambayoyi da dare. Ba sai ɗan garinku ba. Ni wanda ya fi amfanata ɗan kudu ne da ba ya jin ko "zo in kashe ka", da buroka muke fahimtar juna.

Idan ka zo da ilimin asibitin farar hula, akwai abin da sai ka kwance. A can an koya maka ka fara da hanyar iska, sannan numfashi, sannan jini. A fagen daga an juya tsarin, kuma waɗanda suka fi shan wahalar juyawar su ne masu takarda, don hannunsu ya riga ya saba.

Tsarin da ba a tsallakewa

Wannan shi ne zuciyar kwas ɗin, don haka zan daɗe a kai.

Bayan faɗan Mogadishu na 1993, likitocin sojan Amurka sun zauna suka duba me ke kashe sojojin da za a iya cetowa. Suka ga zubar jini daga hannu ko ƙafa na kan gaba, sannan iskar da ke taruwa a ƙirji ta danne huhu, sannan toshewar maƙogwaro. A 1996 suka fitar da sabon tsari, wanda yanzu rundunoni da yawa a duniya ke koyarwa. Za ka ji ana maimaita MARCH har ka gaji da ji. Haruffan farko ne na matakai biyar. Ni don kaina na mayar da su Hausa: jini, maƙoshi, numfashi, bugu, sanyi. Ji-ma-nu-bu-sa. Abokaina sun yi ta yi mini dariya, amma ranar gwaji da hayaƙi ya rufe ni, wannan 'yar waƙar ce ta zo bakina, ba Turancin ba.

Kafin ma ka kai ga jini, akwai darasin da ya fi kowanne ɗaci. Idan ana harbi kuma abokinka ya faɗi a fili, ba za ka ruga wurinsa ba. Ka nemi mafaka, ka mayar da wuta, ka ɗaga murya ka ce masa ya rarrafo ko ya ɗaure wa kansa in zai iya. Mai jinyar da ya ruga ya faɗi ya mayar da mutum ɗaya biyu, kuma ya bar sauran babu kowa. Malamai za su gwada ka a kan wannan da gangan: wanda ke kwance zai yi ta kiran sunanka yana ihu. Ka tashi tsaye, a taɓa kafaɗarka a ce ka mutu, ka faɗi gwajin.

Abu ɗaya ne kawai ake yi a ƙarƙashin wuta: ɗaura tonike, wato maɗaurin nan mai ɗan sanda da ake murɗawa. Babbar jijiyar cinya idan ta tsinke, mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintoci, ba ya jiran a gama faɗa. A wannan halin ba ka da lokacin neman ramin harsashi, sai ka ɗaura a can sama, kusa da hammata ko matsematsi, a kan kakin. Idan an samu mafaka, ka yanke kaya da almakashi ka ga raunin da idonka, ka ɗaura wani a kan fata, santimita biyar zuwa bakwai sama da raunin, ba a kan gwiwa ba. Ka ja igiyar da ƙarfi tun kafin ka fara murɗa sandan. Nan ne mafi yawan ɗalibai ke kuskure: su bar igiyar sako-sako, su yi ta murɗawa har sandan ya ƙare jini bai tsaya ba. Ka murɗa har jini ya tsaya kuma bugu ya ɓace a ƙasan maɗaurin. In ɗaya bai isa ba, ka ƙara na biyu a gefensa. Sannan ka rubuta lokaci. Likitan da zai karɓe shi yana bukatar sanin ko minti arba'in ne ko sa'a huɗu, domin ana so a sake duba maɗaurin kafin ya cika sa'a biyu, kuma wanda ya wuce sa'a shida ba a kwance shi a daji.

Tonike na da zafi, zafi sosai. Za ku ɗaura wa juna a aji, kuma za ka so ka sassauta wa abokinka don yana cije baki. Kada ka yi. In ka saba da tausayi a aji, hannunka zai yi tausayin a daji. Ka kuma koyi ɗaura wa kanka da hannu ɗaya, na dama da na hagu, a tsaye, a kwance, a cikin duhu, har ka riƙa gamawa ƙasa da minti ɗaya.

Inda tonike ba ya kamawa, wato matsematsi da hammata da gefen wuya, cusawa ake yi. Ka sa yatsa cikin raunin ka nemo inda jinin ke fitowa, ka riƙa tura bandeji a kai har ramin ya cika tam, sannan ka danne da dukkan nauyinka minti uku cur idan bandejin mai maganin daskarar da jini ne, fiye da haka idan na gama-gari ne. Minti uku na da tsawo idan mutum na ihu a kunnenka. Kada ka ɗaga don ka leƙa. Ba a cusa bandeji cikin ƙirji ko ciki.

Maƙoshi ba ya ɗaukar dogon bayani a aji na farko. Wanda ke magana, hanyar iskarsa a buɗe take. Wanda ya suma, ka ɗaga haɓarsa ko ka tura muƙamuƙinsa gaba, ka juya shi a gefe don kada amai ko jini ya shaƙe shi. Wanda ya ji rauni a fuska kuma yana cikin hayyacinsa, ka bar shi ya zauna ya sunkuya yadda ya fi jin daɗin numfashi, kada ka tilasta masa kwanciya rigingine. Kuma duk wanda hankalinsa ya fara gushewa, ka karɓe bindigarsa da rediyonsa kafin komai.

Numfashi: ka buɗe ƙirji ka duba gaba, ka duba hammata, ka juya shi ka duba baya. Ɗalibai na mantawa da baya kamar an yi musu asiri. Duk rami tsakanin cibiya da wuya ka manne shi da ledar ƙirji, wato leda mai gam da aka yi don rufe irin wannan rami. Sannan ka ci gaba da kallonsa, domin iska na iya taruwa a ciki ta danne huhu da zuciya: numfashi na ƙara wahala, gefe ɗaya ba ya ɗagawa, mutum na ta fafutuka. Maganinsa doguwar allura mai kauri da ake sokawa tsakanin haƙarƙari iskar ta fita. Wannan ba abin da ake koya daga rubutu ba ne, kuma ba na so ka ɗauka ka koya daga nawa. Malami zai kama yatsanka ya ƙirga maka haƙarƙari a jikin mutum-mutumi da jikin abokinka sau ba adadi kafin a yarda ka yi.

Bugu shi ne komawa kan jini a nutse: sake duba kowane maɗauri, shafa jiki daga kai zuwa ƙafa kana duba safar hannunka ko ta jiƙe, ɗaure ƙugu idan ana zargin ƙashinsa ya karye, taɓa wuyan hannu. Bugu mai rauni ko wanda ya ɓace, tare da ruɗewar hankali ba tare da raunin kai ba, alama ce jini ya zuba da yawa. Akwai allurar da ke taimaka wa jini daskarewa, ana ce mata TXA, amfaninta sai an ba da ita cikin sa'a uku na farko. Kuma za a cire maka tunanin nan na mutanenmu cewa ƙarin ruwa maganin komai ne. Wanda jini ya zube masa jini yake bukata. Ka ɗura masa ruwan gishiri leda bayan leda, ka tsinka ɗan jinin da ya rage, ka wanke daskarewar da jiki ya fara.

Sai sanyi, wanda kowa ke rainawa. Ɗalibi zai ce, a zafin Borno wane sanyi? Mutumin da ya zubar da jini jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi, kuma jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa. Ga shi ka yanke masa kaya, yana kwance a ƙasa, za a ɗora shi a bayan buɗaɗɗiyar mota cikin iskar hunturu. Ka shimfiɗa abu a ƙarƙashinsa, ka cire jiƙaƙƙun kaya, ka lulluɓe shi har kai.

Me ya sa ake maimaita wannan tsari sau ɗari? Domin ranar da abin ya faru da gaske, kanka ba zai kasance tare da kai ba. Kunne na ƙara, baki ya bushe, yatsu sun yi nauyi, wanda ke kwance kuma jiya tare kuka ci tuwo. Abin da hannu ya saba shi kaɗai ke saura. Saboda haka idan an tashi aji an bar kayan gwaji, kada ka tafi kallon ƙwallo. Ka ɗauki tonike ɗin koyo ka yi sau goma kafin ka kwanta. Na koyo fa. Wanda aka sha murɗawa ya saki, ba a saka shi a jakar aiki.

Allura, da ranar da za ka ga jininka

Akwai makon da za a kawo kanula, wato allurar da ke barin siririn bututun roba a jijiya don ƙarin ruwa ko jini, kuma a jikin juna za ku koya. Za ka haddace launukansu: toka lamba 16, kore 18, ruwan hoda 20, shuɗi 22, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Ka sha ruwa sosai a ranar don jijiyoyinka su fito, ka taimaki wanda zai soke ka. Ka ci abinci. A ajinmu wani ƙato da ya fi kowa cika baki shi ya fara zubewa, tun kafin allura ta taɓa shi. Ba abin kunya ba ne, kuma yana wucewa. Idan ka ji jiri, ka zauna a ƙasa kafin ƙasa ta zo ta same ka.

Ni kaina na soki abokina sau uku ban samu jijiya ba, na huɗun na manta ban kwance igiyar hannu ba, jini ya wanke mini wando. Malamin bai ce uffan ba, sai ya miƙo mini wata kanular ya nuna ɗaya hannun. Abin da na koya: da yatsa ake neman jijiya, ba da ido ba, musamman a fatarmu, musamman da dare. Kuma allurar da ka yi amfani da ita kada ka mayar mata da murfi, ka jefa ta a kwalinta nan take. In ta soke ka, ka faɗa a ranar, domin maganin kariya daga HIV cikin sa'a 72 ake fara shi, kuma gara a sa'o'in farko.

Ɗauka, rarrabewa, miƙawa

Gadon ɗaukar majinyaci shi ke raba abota a kwas. Mutum huɗu, tsawonsu ba ɗaya ba, ga yashi, ga malami na bin ku da agogo. Ku haɗa masu tsawo ɗaya, mutum ɗaya kawai ke ba da umarnin ɗagawa da saukewa, wanda ke wajen kai. Ku ɗaure majinyacin a gadon. Bayan kowace ɗagawa ka sake duba tonike, don motsi na sassauta shi.

Idan waɗanda suka faɗi sun fi hannunka yawa, sai rarrabewa, tsarin da ake danganta asalinsa ga Dominique Larrey, likitan rundunar Napoleon, wanda ya ce a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani ba tare da duba muƙami ba. Ja na gaggawa, rawaya zai iya ɗan jira, kore na tafiya da ƙafarsa, baƙi kuma wanda ya riga ya tafi ko ba abin da za ka iya yi masa da abin da ke jakarka. Mai ihu zai ja hankalinka, amma mai ihu na numfashi. Ka nemi wanda ya yi shiru. Kuma za a saka maka hafsa mai ɗan rauni yana yi maka tsawa ka zo kansa, ga kurtu na zubar da jini a gefe. Ka ce "Yallaɓai, ina zuwa," ka ci gaba da kurtun.

Miƙa majinyaci ga likita ko kiran mota ta oba-oba abu huɗu ne a jere: me ya same shi, ina raunukan, yaya alamominsa, me ka yi masa da ƙarfe nawa. Cikin rabin minti. Mu Hausawa mun saba fara magana da gaisuwa da shimfiɗa, a nan sai ka yanke. Ka rubuta komai a katin da ke rataye a jikinsa. Abin da ba a rubuta ba, likita zai ɗauka ba a yi ba, ya sake ba da shi.

Aikin da za ka fi yi

Ga abin da ba a faɗa wa masu sha'awar shiga: a mafi yawan kwanakinka ba za ka ga harsashi ba. Zazzaɓin cizon sauro za ka gani, da gudawa, da ƙafar da ta yi bororo cikin but, da ciwon haƙori, da basir. Ɗalibai na barci a darasin tsaftar sansani, alhali tarihin yaƙi cike yake da rundunonin da cuta ta kashe musu mutane fiye da abokan gaba. Kai za ka ce a haƙa masai nesa da rijiya, aƙalla mita 30, kuma ta gangare. Kai za ka tabbatar an jira minti 30 bayan an jefa ƙwayar kulorin a ruwa. Kai za ka bi mutane kana cewa su cire but su shanya ƙafa, su rataya gidan sauro, su ƙarasa maganin zazzaɓi na kwana uku ko sun ji sauƙi. In fakitin ruwan gishiri da sukari ya ƙare, ka san haɗinsa: lita ɗaya na tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri.

Ka riƙe darasin zafin rana da kyau. Sojan da ya fara magana ba kan gado a tsakiyar tafiya, jikinsa zau, ba taurin kai yake yi ba. Inuwa, cire kaya, kwara ruwa, fifita, tun kafin a nemi mota. Haka saran maciji: a yankinmu kububuwa ce ta fi ɓarna, dafinta na hana jini daskarewa. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaura tonike. A hana gaɓar motsi, a cire zobe da agogo, a kai shi inda ake da allurar dafi. Za ka sha gardama da abokanka a kan wannan, kowa na da kakan da ya san magani.

Za a kuma karantar da ku dokokin Geneva na 1949. Ma'aikacin lafiya na da kariya, an yarda ya riƙe ƙaramin makami don kare kansa da majinyatansa, kuma wajibi ne ya yi wa wanda aka kama da rauni magani kamar yadda zai yi wa nasa. A aji da sauƙin amsawa. 'Yan bindigar da ake fama da su a dajinmu ba sa mutunta alamar ma'aikacin lafiya, amma wannan bai sauke maka naka nauyin ba, kuma ranar da aka kawo maka wanda ya harbi abokinka, za ka ga amfanin cewa an riga an yanke maka hukuncin tun a aji.

Asibiti da makullin kabad

Wani ɓangare na kwas a asibitin soja ake yinsa, irin su asibitin 44 da ke Kaduna da na 68 da ke Yaba a Legas, ko ɗakin shan magani na bariki. A can kai ne ƙaramin kowa. Za ka gyara gado, ka zubar da fo, ka tura keke. Ka yi ba tare da ɓata rai ba, domin ma'aikaciyar jinyar da ta ga ba ka ƙyama ita za ta kira ka idan an zo ɗinki ko wankin rauni. Ka nemi aikin dare a sashen gaggawa. A nan za ka fara ganin mutuwa kusa, wataƙila a hannunka. Kada ka haɗiye ta kai kaɗai. Ka samu babba a aikin, ko limami, ko fasto, ka yi magana.

Jarrabawa biyu kuma babu su a jadawali. Ta farko sirri. Soja zai ja ka gefe ya nuna maka abin da ko matarsa bai nuna wa ba. Ranar da labarin ya fita daga bakinka a wurin shan shayi, daga ranar babu mai sake zuwa, za su koma kemis. Ta biyu makullin kabad. Akwai magungunan kashe zafi da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya a rajista, kuma za a zo maka, aboki ko na gaba da kai, ana neman tiramadol "don gajiya kawai". Ka ce sai da takardar likita, ka nuna rajistar. Sau biyu ko uku za ka sha baƙar magana, daga nan a san halinka a ƙyale ka. Wanda ya bayar sau ɗaya, ya zama kanti, kuma ranar bincike sa hannunsa ne a littafin.

Gwajin ƙarshe da jakarka

A ƙarshe za a fitar da ku fili. Rashin barci, harsashin wasa, hayaƙi, jan ruwa a madadin jini, mutane na kururuwa, malami a bayanka da takarda yana kallo bai ce komai ba. Ka riƙa faɗin abin da kake yi da ƙarfi, don abin da bai ji ba bai ba ka makinsa ba, kuma muryarka na kwantar da majinyaci, tana kwantar da kai ma. In ka ruɗe a tsakiya, kada ka tsaya kana zare ido. Ka koma farko, jini, ka sake bi. Ba a kayar da mutum don ya koma baya, ana kayar da shi don ya tsallake. In ka faɗi wani sashe, yawanci akan sake ba ka dama bayan ƙarin koyo, sai dai ka sha tsiya a ɗaki.

Daren da za ku fita, ka zazzage jakarka a kan bargo ka shirya ta da hannunka, kada ka yarda da shirin wanda ya riƙe ta kafin kai. Tonike a waje, inda kowane hannu zai kai, an cire ledarsa an naɗe shi a shirye. Ka duba shi da kyau, don akwai na jabu a kasuwa waɗanda sandansu ke karyewa a murɗa ta biyu. Sauran kaya ka jera su yadda tsarin yake: na jini a sama, na maƙoshi, na ƙirji, kanula da ruwa, bargo a ƙasa. Ka duba ranar lalacewar kowane magani. Almakashi ka ɗaure shi da igiya a jikin jakar, in ba haka ba a rana ta farko zai ɓace. Alƙalamin da ke rubutu a kan fata guda biyu, safar hannu fiye da yadda kake tsammani, tocila da batir na ajiya. Sannan ka kashe fitila, ka sa abokinka ya riƙa kiran sunan kaya ɗaya-ɗaya kana zarowa a duhu. Duk wanda ka lalluba fiye da sau ɗaya kafin ka same shi, ka canza masa wuri.